Kada Auta ta rubuta sunana

Yaya,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai dai da hagu nake rubutu.

Na gano abin da ya hana Autarki bizar karatu. Takardar makarantar da dillalin nan ya ba mu ta bogi ce. Na je ofishinsa, ya yi dariya ya ce, "Malam, kowa da rabonsa." Sau uku na naushe shi a baki. Haƙoransa suka zube, yatsuna biyu suka karye. Har yau ina mamakin kaina.

Litinin za mu shiga kotu. Kada Inna ta ji. Auta ta sake nema, amma a gurbin mai ɗaukar nauyi kada ta rubuta sunana.

Ƙaninki