Tsohuwar Baba Ta Samu Ƙafa Huɗu

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ke da Baba kuna lafiya. Tunda waya ba ta kamawa a wajenku, ga takarda ta hannun direban motar kasuwa.

Albishirinki! Tsohuwa ta tashi. A-kori-kurar Baba da na jawo gareji tun da injinta ya buga, yanzu in kin gan ta sai kin riƙe baki. Na samu wata fowil, mai ja da taya huɗu, da ta yi hatsari, jiki ya lotse amma inji da giyabos garau. Na sauke su na ɗora wa Tsohuwa. Kai, na sha wuya! Mazaunin injin bai zo daidai ba, sai da mai walda ya yanka ya ƙara ƙarfe, muka sauya ƙafar gaba gaba ɗaya. A da tayoyin baya kawai ke tura ta, yanzu duk huɗun ke ja. Na shiga da ita kwatar bayan gareji, ta fito tana huci kamar ba ita ba.

Ki gaya wa Baba ya daina kunyar kafewa a mashigin rafi ana jawo shi da shanu. Tsohon direba guda! Zan aiko masa da ita kwanan nan, tanki cike.

Ki gaishe shi da kyau.

Yayanki

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Don girman Allah kar ka aiko da motar nan.

Lokacin da na ce maka Baba yana mantuwa, dariya ka yi, ka ce tsufa ne. Abin ya wuce nan. Da hantsi sai ya sa hula ya ce zai je gonar ƙetare ya ɗauko Inna, rana ta yi mata zafi. Yaya, Innar da muka binne da hannunmu. In na tuna masa sai ya yi ta kuka kamar yau ta rasu, gobe kuma ya sake sa hula.

Kana tsammani ban ɓoye makulli ba? Mutumin da ya tsufa a kan sitiyari, waya biyu yake haɗawa a ƙarƙashinsa ta tashi. Abin da ke tsare mana shi ɗaya ne, yashin mashigi. Kullum a nan Tsohuwa ke kafewa. Sai in bi shi a ƙafa, in same shi yana zagin taya, maƙwabcinmu ya kawo shanu, mu dawo gida har ya manta inda za shi. Kafewar da kake jin kunyarta, ita ce katangarmu.

Bayan rafin kuwa ba gona yanzu, ba bukka. Daji ne da hanyoyin masu saran itace, su kansu ɓacewa suke yi a ciki. Tun da ka tafi da motar nake barci da ido biyu rufe. Ka bar ta a wurinka, ko ka mayar mata da gurguntakarta.

Baba yana gaishe ka, ko da yake jiya ya tambaye ni ko ka dawo daga makaranta.

Ƙanwarka

*

Auta,

Sallama. Innalillahi! Takardarki ta same ni motar ta riga ta kama hanya, abokina mai tifa ne ya tafi da ita. Na bi shi tasha a guje, aka ce tun safe ya wuce.

Ki saurare ni da kyau. Tana isowa, kafin Baba ya gan ta, ki buɗe bonet. Batir yana hannun dama. Ki kwance kawunansa biyu, ki sa maƙwabci ya ɗauke shi ya kai gidansa, ba ɗakinki ba. In Baba ya yi faɗa ki ce ni na hana, ya zage ni son ransa. Akwai ƙaramar sanda kusa da giya, ita ke sa ƙafafun gaba su ja. Na bar ta a kan ja huɗu don ya ji daɗin hanyarku, kaicona.

Ina rufe gareji, ina nan tafe da sifana, in cire ƙarfen da ke juya ƙafar gaba da hannuna. Ki riƙe mini Baba, Auta.

Yayanki

*

Yaya,

Takardarka ta same ni a bakin rafi. Ɗazu ina rijiya wajen ɗiban ruwa aka kawo motar, aka danƙa wa Baba makulli a hannu. Maƙwabta sun ce har ɗaga musu hannu ya yi, yana murmushi.

Ga sawun tayoyin nan a gabana. Sun shiga yashi, sun fita ta can ƙetare, ko tsayawa ba su yi ba. Aikinka ya yi kyau.

Maza sun bi sawu da babura, hadari kuma yana haɗowa. Kai ka san injin. Ka faɗa wa mai kawo takardar nan, tanki cike, ina zai iya kai ta?

Auta