Ɗakin Inna Ya Sake Tsagewa: In Yaɓe Ko In Jira Ku?

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke sa ido a kan masu fasa dutse a yankinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina neman afuwa da na fito da maganar nan fili. Na yi ta sintiri a ofishinku har masinja ya san fuskata, kullum sai a ce kana taro.

Ni manomin rani ne, ina noman tumatir a bakin kanal, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. A bayan gidajenmu akwai dutsen da wani kamfani ke fasawa da nakiya, yana loda wa tifofi. Ban zo neman a kore su ba, mutanenmu ma suna samun na abinci a wurin. Maganata a kan ɗakin mahaifiyata ce, Inna, tsohuwar da ƙafa ta riƙe, ba ta tashi sai an kama ta.

Na ɗaya. Duk sanda aka tayar da nakiya, ƙasa ce ke motsi a ƙarƙashinmu. Kwanukan Inna su yi ta kaɗawa, ƙasa ta riƙa zubowa daga azara a kan gadonta. Bangon gabas ya tsage daga sama har ƙasa. Da farko kamar zare, yanzu tafin hannuna yana shiga. Idan an busa jiniyar gargaɗi ina gona, matata ce ke jan Inna waje a kan tabarma, ita kaɗai. Wani lokacin ma sai an gama girgizar sannan jiniyar take tunawa da mu.

Na biyu, kuma nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Da muka kai kuka, an yi mana alkawarin masu dubawa. Muka jira har rani ya ƙare. Ranka ya daɗe, ka san ginin ƙasa: kowace shekara kafin damina sai an yi masa yaɓe, in ba haka ba ruwa ya shiga tsaga ya kwantar da shi. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi. Da hadari ya fara haɗuwa, kowane magidanci ya kwaɓa ƙasa ya toshe tasa tsagar, mata suka bi da shafe. Muna gamawa sai ga motar injiniyoyinku. Suka zaga unguwa, suka ga bango sumul, har ɗaya ya yaba mana tsafta. Na nuna musu inda ƙasar yaɓen ta fi duhu, na rantse cewa tsaga ce a ƙarƙashi. Suka ce abin da ido ya gani shi za su rubuta. Daga baya mai unguwa ya gaya mana an rubuta babu ɓarna.

Na uku. Sun zo da na'urar auna girgizar ƙasa, amma can bakin kanal suka kafa ta, nesa da gidaje. Ni ban san aikin na'ura ba, ba zan yi musu a kansa ba. Abin da na sani shi ne, kamfanin ya san da zuwansu, kuma nakiyar ranar ko kaji ba ta razana ba. Washegari, da babu baƙi, tulun Inna ya faɗo ya fashe.

Za ka ce in mayar da ita wani ɗakin. Duk gidan ginin ƙasa ne, kuma kowane ɗaki da tasa tsagar. Na roƙe ta ta koma wurin ƙanwata a Kumbotso, ta ce daga ɗakin nan aka fitar da gawar mahaifina, ita ma daga nan za a fitar da ita. Da wasa take faɗa, ni kuwa in ta faɗa sai in kalli bangon.

Ga roƙona. A kafa na'urar a gindin bangonmu, a bar ta nan ta daɗe, kuma kada kamfanin ya san ranar da ake aunawa. A yanka musu iyakar ƙarfin nakiyar da za su sa kusa da gidaje. A riƙa busa jiniya da wuri, yadda mace ɗaya za ta iya fitar da tsohuwa. Sannan a turo mutum ya ga bangon nan yanzu, tun yana buɗe.

Na ce yanzu domin bana ma tsagar ta dawo, ta fi ta bara faɗi, ga damina ta matso. In na yaɓe, na shafe shaidata da hannuna. In na bari, ruwan farko zai iya kwantar da bangon a kan uwata. Wallahi ban san abin da zan yi ba. Ba ni da lauya, ba ni da kowa a sama. Na dai kwaɓa ƙasar, tana tsakar gida na rufe ta da buhu, kullum ina yayyafa mata ruwa kada ta bushe, ina kallon hanya ina kallon gabas. Idan hadari ya riga motarku zuwa, zan yaɓe, ku sake rubuta babu ɓarna.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka ikon yin adalci. In mahaifiyarka na raye, Allah ya kwantar da ita a ɗakin da ba ya motsi.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sabi'u, ɗan Inna