Hawainiya Ta Samu Ƙarin Albashi

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da su Yaya. Ya ƙafar Inna?

Albishirinka! Kamfaninmu ya canza tsarin biya. Da, yawan rigunan da mutum ya ɗinka ake dubawa, ni kuwa kullum ina baya, har abokan aiki suka sa min suna Hawainiya. Yanzu lada na wanda ba a dawo da aikinsa ba ne. Jiya shugabar sashenmu ta kira ni ofis. Gabana ya faɗi, na ɗauka sallama ce. Sai ta ce, "Ɗinkinka ko ɗaya bai warware ba. Wa ya koya maka?" Na ce mahaifina ne, mai sa ni farke hannun riga har sai ya yi masa. Ta yi dariya, ta ƙara min albashi.

Bayana yakan ɗan riƙe saboda zaman keke, amma da sauƙi, kada Inna ta ji.

Na aiko saƙo ta hannun Kawu. Don Allah ka je a duba maka idanu, ka daina bin jikoki su sa maka zare a allura. Allah ya ƙara girma.

Ɗanka,
Auta