Jikata Hasiya Ce, Ba Hassana Ba

Zuwa ga masu rubuta bayanin amfani da manhajar rubutu ta wayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya. Ni malamar firamare ce mai ritaya a Daura, kuma na ji daɗi da na tarar da bayaninku da Hausa. Sai dai ina da ƙorafi.

Na farko, abubuwa uku kuka tara kuka ba su suna ɗaya: "shawara". Akwai kalmomin da ke jeruwa a saman madannai suna jiran in taɓa. Akwai mai ƙarasa mini kalma da zarar na bar tazara. Akwai kuma mai sauya abin da na riga na rubuta. Wannan na ukun ya dame ni, na bi umarninku da ya ce "kashe shawara". Sai na farkon ya ɓace, shi da bai taɓa yi mini laifi ba, sauran biyun suka ci gaba da aikinsu.

Na biyu, ga abin da hakan ya jawo. Ranar sunan jikata, ana gama raɗa mata Hasiya, na rubuta wa dangi saƙo. Na fara "Has", yatsana ya zame ya bar tazara, wayar ta ƙarasa "Hassana". Ban lura ba, hidima ta yi yawa. Bayan azahar sai ga yayar maigidana daga garin Babban Mutum a kan babur, idanunta jawur. Ta zaci tagwaye aka haifa, Husaina ta koma, aka ɓoye mata. Ta rungume ɗiyata tana cewa, "Ki yi haƙuri, Allah ya raya wadda ya bar miki." Maijego ta fashe da kuka ba ta ma san dalili ba. Da ƙyar muka warware zancen, kuma har yau 'yan Babban Mutum Hassana suke kiran yarinyar.

Na uku, ranku ya daɗe, a Hausar da na koyar, shawara ita ce wadda ake ba ka, ka ɗauka ko ka bari. Wanda ya karɓe alƙalami daga hannunka ya ƙarasa maka magana, shisshigi ya yi.

Don haka ina roƙonku ku raba musu suna. Na farkon ku ce "zaɓin kalma", na biyun "cikon kalma", na ukun "gyaran kai-tsaye". Sunan da ke cikin bayani ya zama shi ne a kan maɓallin. Kafin ku fitar, ku ba wata tsohuwa irina ta gwada, ku tsaya ku ga abin da za ta kashe.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku jikoki masu albarka, ya sa a kira kowannensu da sunan da aka raɗa masa.

Wassalam.

Taku,
Kakar Hasiya, Daura