Baba Ya Fara Daga Dama

Birnin Kudu, Talata

'Yar'uwata Turai,

Assalamu alaikum. Ya Maruta, ya damina, ya ƙafar Inna?

Muna asibiti da 'yata Munawwara. Likita ya ce hanjinta ya toshe, lallai a yi mata aiki jibi. Turai, tsoro nake ji.

Babanta zai turo kuɗin kirifto, irin na intanet ɗin nan, daga Malesiya ta hannun Luke, mai canji a bakin tasha. Luke ya rubuto mana adireshin asusunsa, dogon jerin haruffa da lambobi, ya raba shi gida-gida. Saboda 'yan damfara, maigidana ya ce ba zai karɓi adireshin a rubuce ba, sai daga bakin mahaifinsa. Baba Malam ya karanta masa ta waya har sau biyu, na'ura ta ƙi. Wallahi na zage ta tas! Yarinya na murƙususu, ita tana yanga.

Ku taya mu da addu'a.

Taki,
Sa'adiyya

Birnin Kudu, Asabar

Turai 'yar'uwa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi lafiya.

Kin san abin da ya faru? A karo na uku na leƙa ta bayan Baba, sai na ga yatsansa ya fara daga gidan dama, yadda ya saba da allo tun yana yaro! Da kunya da komai na nuna masa ɗaya gefen. Nan take na'urar ta karɓa.

Luke ya ce asalin adireshin lambobin kwamfuta ne zalla. Wani bawan Allah ya mayar da su haruffan da mutum zai iya furtawa, ya cire masu kama da juna irin su sifili da babban O, ya kuma ɗaura ma'aunin gano kuskure a wutsiya, ko harafi ɗaya ya goce na'ura ba za ta tura ba. Da ta tura, kuɗin sun tafi inda babu mai dawo da su. Kai, wannan mutum ya san halin ɗan Adam! Baba ya yi dariya, ya ce malamin kirki ke nan, ba ya barin ɗalibi ya wuce da kuskure.

An yi aikin ranar Alhamis. Yau da safe Munawwara ta buɗe ido ta ce yunwa take ji, na fashe da kuka a gaban likita.

Ki gaida Inna.

Taki har kullum,
Sa'adiyya