Zomo a Gaban Kwalekwale

Litinin, 7 ga Yuli

Gwiwar hagu ta tashi da rigimarta. Na zauna a baranda har rana ta zagayo ta kore ni.

'Yata, malamar aji shida, ta dawo da takardu rungume a ƙirji. Wai wasannin wasa ƙwaƙwalwa take haɗa wa yaranta na ranar da za a ba da hutu. Duk labarin hutu ne: yara huɗu, wani ya je bakin teku, wani gidan namun daji, wani wajen kakarsa, wani yana gida. Wa ya je ina, ɗauke da me? A ƙasa an ja layuka tsaye da kwance kamar ragar kaji. Inda bai yiwu ba a ja gicciye, har a ga gidan da ya rage.

'Yarta, jikata, ita ce mai gwada su kafin su je aji. Aku nake ce mata saboda surutu. Tun da takardun nan suka shigo gida Aku ta yi shiru. Da, ana gama cin abincin yamma za ta jawo kujera: "Kaka, ina muka tsaya a tatsuniyar?" Yanzu kujerar tana can gaban teburin uwarta.

Ba kishi nake yi ba. Mutum ya yi kishi da takarda?

Laraba, 9 ga Yuli

Na leƙa ɗaya. "Mai laima bai je bakin teku ba." To me ya hana shi? Tsoron ruwa? An yi masa faɗa ne? Takarda ba ta ce komai ba. Mutane huɗu, babu ko ɗaya da aka san halinsa. Kakarmu da ta rene mu da tatsuniya, da ta ga wannan sai ta ce an dafa miya an manta gishiri.

Na faɗa wa Aku haka. Ba ta ɗago kai ba. "Kaka, kana tare mini haske."

Alhamis, 10 ga Yuli

Na ce wa 'yata ni ma zan haɗa ɗaya. Ta dube ni ta saman tabarau, kallon uwarta sak, Allah ya jiƙanta. "To Baba, amma Aku za ta gwada tukuna."

Abin da nake so ke nan.

Asabar, 12 ga Yuli

Ga nawa. Kura, akuya, zomo da kunkuru za su hutu ƙetaren kogi, a kwalekwale siriri, ɗaya bayan ɗaya. Kunkuru ya iso a makare, shi ne a can baya. Akuya ba ta zauna dab da kura ba. Zomo ya ce shi ne a gaba. Wa ya zauna ina?

Na miƙa wa Aku da hantsi. Ta jawo kujerar nan kusa da ni. Na yi kamar ina duba jarida.

Lahadi, 13 ga Yuli

Abin bai yi daɗi ba.

Tun jiya Aku take kai. Ta sa zomo a gaba, kunkuru a baya, sai akuya ta faɗo gefen kura. Ta goge. Ta sake. Ta goge har takardar ta huje. Yau da la'asar na ga tana share ido da bayan hannu, tana cewa ita ce daƙiƙiya, na uwarta duk ta ci, wannan ya gagare ta.

Na ce, "Ke Aku, ai zomo ƙarya yake yi."

"A ina ka rubuta?"

"Ba a rubuta wannan. Kowa ya san zomo."

"Ni ban san shi ba. Cuta ce wannan, Kaka." Ta ɗauke kujerarta.

Uwarta ta zo daga baya, ba faɗa, murya ƙasa-ƙasa: "Baba, a wasan nan abin da ba a faɗa ba, babu shi. Yaro ya yarda da takarda ne shi ya sa yake zama a kanta."

Na so in ce a zamaninmu ko ɗan goye ba ya karɓar maganar zomo. Sai na tuna wa ya kamata ya nuna wa Aku halin zomo. Na bar zancen.

Talata, 15 ga Yuli

Gaisuwa kawai Aku ke yi mini, ita ma a tsaye.

Na ari fensir da abin gogewa. Na ɗauki na mai laimar nan in ga yadda ake yi, don in gyara nawa, ba don komai ba. Ashe gidan namun daji ya je. Shayina ya huce ban sani ba.

Laraba, 16 ga Yuli

Na ƙara layi ɗaya: zomo bai taɓa faɗin gaskiya ba. Na ajiye a kan jakar makarantar Aku.

Da yamma ta zo, fuska a ɗaure kamar mai duba aikin leburori. "Amsa biyu gare shi. Zomo na biyu, shi na gane. Amma kura za ta iya zama gaba, za ta iya zama ta uku. Wanne ne?"

Na duba. Gaskiyarta. A raina kura ce ta uku tun farko, amma a raina ne kawai.

Muka zauna. Na kawo wani layi, ta ce ya tona amsa gaba ɗaya. Ta kawo nata, na ce ba ɗanɗano. A ƙarshe muka tsaya a kan: kura tana jin numfashin kunkuru a ƙeyarta. Ta yi dariya har da buga ƙafa. Ta gwada sau biyu. Amsa ɗaya.

"Yanzu ka zama mutum, tsoho."

Na gode, ranki ya daɗe.

Juma'a, 18 ga Yuli

An ba da hutu. 'Yata ta ce an raba yaran rukuni-rukuni, nawa ne na ƙarshe. Wani rukuni ya kusa dambe a kan kura. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaya ko sun ƙetare kogin lafiya. Malama ta ce wannan ba ya cikin tambaya.

Hmm.

Litinin, 21 ga Yuli

Gida cike da hayaniyar hutu. Gwiwa da sauƙi.

'Yata ta bar mini ragowar takardun da ba a yi amfani da su ba, wai ko zan kunna wuta da su. Akwai wani mai mutum biyar da jiragen ƙasa, shegen wuya. Tun safe nake kai, saura gida uku.

Ana cikin haka Aku ta jawo kujera har tana taka mini ƙafa. "Kaka, wai me ya sa zomo yake ƙarya? Haka aka haife shi, ko wani abu aka yi masa?"

Labarin yana nan a bakina, tun daga farkonsa, yadda kakarmu take jan shi.

Na ji kaina ina cewa, "Dakata kaɗan, in gano wanda ya hau jirgin safe."

Ta ce ba ta taɓa ganin tsoho irina ba. Ta leƙo, ta ɗora yatsa a kan wani gicciye da na ja ba daidai ba. Ba ta tashi ba dai. Zomon ma ba inda za shi.