Inna, Hannun Habibu Ne a Takardar

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya kai haske makwancinki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma maganar nan ta fi ƙarfin cikina, kuma wanda zan iya gaya wa yana cikinta dumu-dumu.

Kin bar mu ni da ƙanena Habibu muna aiki a kamfanin casar shinkafa na hanyar Ɗambatta. Tun kina kwance ake maganar ƙarin albashi. Wata tara ƙungiyarmu ta ma'aikata tana ja-in-ja da masu kamfani, mu kuwa muna ta dakon buhu a kan tsohon kuɗi. Kullum a ce mu yi haƙuri, ranar da aka daidaita za a biya mu tun daga farko.

A wata na bakwai aka rage ma'aikata, ina cikin waɗanda aka sallama. Habibu ya tsira, har aka zaɓe shi sakataren ƙungiya. Ni na dawo gida na kama gonarki ta bayan rafi.

Sai ga shi an daidaita. An yi ƙarin, an yarda a biya ariyas, wato cikon watannin baya. Amma takardar ta ce sai wanda yake bakin aiki ranar sa hannu. Mu da aka sallama, babu mu. Inna, hannu uku ne a ƙasan takardar, na tsakiyar na Habibu ne. Ni na koya masa rubuta sunansa, ba zan kasa ganewa ba.

Na je na same shi, bai yi mini ɓoye-ɓoye ba. Ya ce, "Yaya, cewa suka yi ko mu karɓi wannan ko su rufe wajen. Gida nawa zan jefa a rana?" Wata bakwai ɗin nan bayana ne ya ɗauki buhunan. Amma da ni ke riƙe da biron ranar, wallahi ban san me zan yi ba.

Na tambayi Liman, ya ce gumin da aka yi a kan alkawari bashi ne. Na tambayi Malam Tukur na Islamiyya, ya ce abin da nake karɓa duk wata shi ne cinikina, kuma wakilan da muka zaɓa da bakinmu su suka amince. Kowanne na fito daga zaurensa ina gyaɗa kai.

Sai na koma neman amsa a wajenki. Na tuna shekarar da kuɗin ƙwadago ya tashi ana tsakiyar cirar gyaɗa. Tabawa ta yi miki aikin kwana huɗu, ta tafi jinyar 'yarta kafin a yi ƙarin. Kika aike ni da cikonta har ƙauyensu, kika ce, "Rana ɗaya ce ta gasa su duka." Har na ji sanyi. Sai kuma na tuna Ɗanlami mai huɗa, da ya dawo neman ƙari bayan an sallame shi, kika ce, "Ciniki ya faɗa, sai wata damina." To Inna, ni Tabawa ne ko Ɗanlami?

Yanzu sauran waɗanda aka sallama sun samo lauya a Kano, za su kai ƙarar kamfani da ƙungiya gaba ɗaya. Suna jiran sa hannuna ranar kasuwa. An ce dole a kira Habibu ya tsaya gaban alƙali. Matata Sa'ade ta ce in sa, yara ba sa cin kunya.

Habibu kuma ya aiko ɗan acaɓa da buhun taki biyu, ba saƙo ba komai. Suna jingine a ɗakinki. In na buɗe, kamar na karɓi biya ke nan. In na mayar, na yanke zumunci.

Jiya Juma'a muka tsaya sahu ɗaya, kafaɗarsa na taɓa tawa. Inna, ɗanki ya rame. Da aka idar da salla ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, ko ka sa hannu ba zan ƙullace ka ba." Da faɗa ya yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Gobe zan zuba takin, don gero ba ya jiran shari'a. Takardar lauya kuwa tana aljihuna, har ta fara yagewa a wajen ninki. Da kina nan, zaunar da mu za ki yi a tabarma ɗaya, ba mai tashi sai an gama.

Allah Ya jiƙan ki, Innata, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya nuna mini gaskiya ko da ba tawa ba ce, kada Ya raba abin da kika haifa.

Naki har abada,
Sabi'u